GWAMNATIN KWANA 18 A ƘASAR NORWE

Ku 'yan makaranta, in kun buɗe taswirar Turai ku dubi can arewa maso gabas da Ingila, ƙetaren teku, za ku ga wata ƙasa doguwa siririya mai yawan duwatsu, wadda ruwan teku ya yi ta shiga cikinta lungu lungu. Ita ce Norwe. Babban birninta Oslo. Mutanenta masunta ne da manoma da masu yankan katako da matuƙan jiragen ruwa, a zamanin da za mu yi magana kuwa duk jimlarsu ba su kai miliyan 3 ba. A cikin shekarar 1928 aka kafa wata gwamnati a ƙasan nan wadda ba ta wuce kwana 18 ba ta faɗi. Mai karatu ya iya cewa, me za a koya daga abin da bai kai ko wata guda ba? To, ku biyo ni a hankali, gama a cikin 'yan kwanakin nan akwai bayanin yadda 'yan kaɗan ke iya riƙon ƙasa, da kuma abin da ke kayar da su.

YADDA A KE RIƘON ƘASAR

Norwe tana da Sarki, tana kuma da majalisar wakilan jama'a wadda su ke kira Storting, watau Babban Taro. Tun 1814 su ke da rubutaccen tsarin mulki. Tun 1884 kuwa al'ada ta zauna cewa Sarki ba shi riƙe ministoci, watau wazirai, in majalisa ta ce ba ta son su. Sarki ne ke kiran mutum guda ya ce masa ya kafa gwamnati, shi ne Firayim Minista, shi kuma ya zaɓo abokan aikinsa, kowa a ba shi ma'aikata guda ya riƙe.

Akwai abu biyu da ya kamata ku riƙe sosai, in ba haka ba labarin zai shige muku duhu. Na farko, sabuwar gwamnati a Norwe ba sai majalisa ta jefa ƙuri'a ta ce ta yarda da ita ba tukuna ta kama aiki. Muddin mafi yawan wakilai ba su tashi sun ce ba su amince da ita ba, tana nan daram. Na biyu, ba mai ikon rushe majalisa kafin wa'adinta ya cika, ko Sarki ko Firayim Minista. A Ingila in gwamnati ta rasa goyon baya ta kan koma ga jama'a a sake zaɓe. A Norwe babu wannan ƙofa. Waɗanda aka zaɓa su ne dai za su zauna tare har shekarunsu su cika, ko suna shiri ko ba su shiri, a wancan zamani kuwa wa'adin shekara 3 ne.

Saboda haka ya kan faru jam'iyya guda, wadda wakilanta ba su kai rabin majalisa ba, ta ɗauki mulki ita kaɗai, ba ta gama kai da kowa ba. Wannan ita a ke kira gwamnatin marasa rinjaye ta jam'iyya guda. Ministocinta duk 'yan gida ɗaya ne, amma kowace doka da kowane kasafin kuɗi sai sun nemo ƙuri'un waɗansu daga waje kafin ya wuce.

ZAƁEN 1927

Bayan Yaƙin Duniya na Farko Norwe ta shiga wahalar kuɗi. Kuɗinsu, wanda su ke kira kurona, darajarsa ta faɗi ƙwarai. Shugaban Babban Bankin ƙasar, Nicolai Rygg, ya ƙudura sai ya mayar da shi bisa darajar da ya ke da ita da zinariya kafin yaƙi. A kunne abin yana da daɗi, amma ku dubi yadda ya kwana ga talaka. Misali, manomi ya ci bashi sa'ad da kuɗi ke da araha, ga nufinsa in ya sayar da saniya biyu ya biya. Da kuɗi ya yi tsada, farashin dabbobi da man shanu ya sauka, bashin kuwa yana nan yadda aka rubuta shi, sai ya ga biyun nan ba su isa ba. Gonaki da yawa aka yi gwanjonsu, bankuna da dama suka karye, ma'aikata dubbai suka rasa aiki.

Cikin wannan hali aka yi zaɓe a watan Oktoba 1927. Jam'iyyar Ma'aikata ta daɗe a rarrabe. A 1919 ta shiga ƙungiyar 'yan Kwaminis ta duniya mai mazauni a Mosko, sai masu sassaucin ra'ayi suka fice a 1921. A 1923 ta ɓata da Mosko ta fito, waɗansu kuma suka ɓalle suka kafa jam'iyyar Kwaminis. A farkon 1927 masu sassaucin nan suka komo gida, aka shiga zaɓe da ƙarfi ɗaya. Cikin kujeru 150 na majalisa Ma'aikata suka sami 59. Jam'iyyar Høyre, watau 'Yan Dama, masu riƙon tsohuwar hanya, da abokan tafiyarsu suka sami 31. Jam'iyyar Venstre, wadda ma'anar sunanta 'Yan Hagu amma a tsakiya ta ke, ta sami 30. Jam'iyyar Manoma 26, 'yan Kwaminis 3, wata ƙaramar jam'iyya guda 1. Ku yi lissafi da kanku: mai son rinjaye sai ya tara 76. Ma'aikata sun fi kowa, amma saura 17 su kai.

SARKI YA YANKE SHAWARA

Firayim Minista Ivar Lykke na 'Yan Dama ya ga jama'a sun juya masa baya, sai ya ajiye aiki a Janairu 1928. Jam'iyyun nan uku da ba su son ra'ayin Ma'aikata, in sun gama kai, suna da rinjaye mai yawa. Aka yi ta kai da kawowa, suka kasa daidaitawa. Shawarar da aka ba Sarki ita ce ya nemi Jam'iyyar Manoma.

Sarkin nan, Haakon na 7, asalinsa ɗan sarautar Denmak ne, matarsa kuwa Maud, 'yar Sarkin Ingila Edward na 7. Sa'ad da Norwe ta rabu da Suwidin a 1905 aka yi masa tayin sarauta, ya ce ba zai karɓa ba sai an tambayi jama'a. Aka jefa ƙuri'a, wajen kashi huɗu cikin biyar suka yarda. Mutumin da ya hau gado ta wannan hanya ya san wa ya ɗora shi. Ya dubi al'amarin ya ce jam'iyyar da ta fi kowa wakilai ita ya kamata a fara tambaya. Ya aika aka kira Alfred Madsen, shugaban wakilan Ma'aikata a majalisa.

Attajirai da manyan ƙasa suka yi mamaki. Jam'iyyar nan shekara huɗu da 'yan watanni kaɗai ke nan da rabuwarta da Mosko, har yanzu tana maganar juyin mulki, da yawa daga 'ya'yanta ma ba su son a yi sarauta ko kaɗan. Ana ba da labari cewa Sarki ya amsa wa masu gunaguni da cewa shi Sarkin 'yan Kwaminis ne su ma. Su kansu Ma'aikata kiran ya zo musu ba shiri. Waɗansu manyansu, irin su Martin Tranmæl editan jaridarsu, suna ganin karɓar mulki ba da rinjaye ba tarko ne. Amma wakilansu na majalisa suka ce an kira su, ba su gudu. Ran 28 ga Janairu 1928 aka naɗa gwamnatin Ma'aikata ta farko a tarihin Norwe.

MINISTOCIN TARA

Firayim Minista shi ne Christopher Hornsrud, dattijo mai shekara 68, manomi wanda ya taɓa riƙe kanti a ƙasar Modum. Ya shugabanci jam'iyyar daga 1903 zuwa 1906, an kuwa san shi da sanyin hali da sanin sha'anin kuɗi da na gona. Da tsohuwar zuma a ke magani. Shi ya haɗa har da ma'aikatar kuɗi ya riƙe.

Harkokin ƙasashen waje aka ba Edvard Bull, shaihin malamin tarihi a jami'ar Oslo, mutum mai kaifin alƙalami da zafin ra'ayi. Shari'a da 'yan sanda aka ba Cornelius Holmboe, lauya. Sha'anin soja aka danƙa wa Fredrik Monsen, malamin makaranta, wanda kowa ya san shi da rubuce-rubucen sukar aikin soja. Ilmi da sha'anin coci aka ba Olav Steinnes, shi ma malamin makaranta. Ciniki aka ba Anton Alvestad, mai gidan burodi daga garin Ålesund. Ayyuka, watau hanyoyi da reluwe da makamantansu, aka ba Magnus Nilssen, maƙerin zinariya, ɗaya daga cikin masu sassaucin nan da suka komo. Alfred Madsen, wanda ya fara da aikin ɗab'i, ya riƙe jin daɗin jama'a. Aikin gona kuwa aka ba Johan Nygaardsvold. Ku riƙe sunan nan. An haife shi a 1879 a Hommelvik, tun yana yaro ya shiga aikin injin tsaga katako, ya yi aikin bulo, ya tafi Kanada da Amurka a 1902 ya yi lebaranci, ya komo gida a 1907.

Ku sake duban jerin nan: manomi, mai burodi, maƙeri, lebura, malaman makaranta biyu. A da, teburin shawarar Sarki galibi wurin manyan lauyoyi ne da hafsoshi da attajirai da masu manyan gonaki. Ran nan mutanen da hannunsu ya san kanta suka zauna a kansa.

JAWABIN DA YA JAWO FAƊUWA

Al'ada ce sabuwar gwamnati ta karanta wa majalisa abin da ta ke nufin yi. Gwamnatin da ba ta da rinjaye ta kan tausasa harshe a wannan rana, don ta bar wa kanta ƙofar shiri da maƙwabta. Ta Hornsrud ba ta yi haka ba. Jawabin, wanda Edvard Bull ya fi kowa sa hannu a cikinsa, ya faɗi a fili cewa nufin jam'iyyar shi ne ta shirya hanyar sauya ƙasar zuwa tsarin gurguzu, inda manyan hanyoyin dukiya za su koma hannun jama'a, kuma gwamnatin za ta tsaya ne ga bukatun ma'aikata da talakawa. Abubuwan da ta ce za ta fara da su ba su kai maganar tsanani ba: taimakon marasa aiki, sauƙaƙa wa masu bashi, rage abin da a ke kashewa kan soja, da soke wata doka ta 1927 wadda ta tsananta wa masu yajin aiki. Amma kunnen masu dukiya bai ji ƙananan ba, babbar ya ji.

Tsoro ya shiga kasuwa. Masu kuɗi suka shiga kwashe ajiyarsu daga bankuna, waɗansu suna aikawa da ita ƙasashen waje, alhali manyan bankuna da ma a kan siraɗi su ke. Rygg ya nemi gwamnati ta tsaya wa bankuna da dukiyar ƙasa, gwamnati ta ƙi bisa sharuɗɗan da ya kawo. Sai ya juya ga 'Yan Hagu ya nuna musu cewa in ba a yi wani abu da sauri ba, kuɗin ƙasa zai lalace. Shugabansu Johan Ludwig Mowinckel, attajiri mai jiragen ruwa daga Bergen, ya tashi a majalisa ya kawo ƙudurin rashin amincewa. Ran 8 ga Fabrairu aka jefa ƙuri'a, 86 suka goyi bayan ƙudurin, 63 suka ƙi. Ran 15 ga wata Hornsrud da mutanensa suka miƙa mabuɗan ofis.

To, ga abin lura. Wanda ya gaje su shi ne Mowinckel, gwamnatinsa ita ma ta jam'iyya guda ce marar rinjaye, wakilansa 30 kacal, watau wajen rabin na Hornsrud. Amma shi ya zauna har Mayu 1931, shekara 3 da 'yan watanni. Me ya sa mai 59 ya yi kwana 18, mai 30 ya yi shekara 3? Dalili shi ne Mowinckel yana tsakiya. Yau ya jingina da dama, gobe ya jingina da hagu, kowane gefe kuma yana ganin gara shi da abokin gabansa. Hornsrud kuwa yana can gefe guda, ya kuma faɗa wa sauran a ranar farko cewa tsarin da su ke tsaye a kai shi ya zo sauyawa. Gwamnati irin wannan da haƙurin waɗanda ba nata ba ta ke numfashi, ran da haƙurin ya ƙare kuwa, yawan 'yan gida ba shi cetonta.

Kada dai ku ɗauka wauta ce tsantsa. Ma'aikata sun san ba su daɗewa. Abin da su ke tsoro shi ne mabiyansu su ce da ganin kujera sun manta da talaka, 'yan Kwaminis kuma suna gefe suna jiran su faɗi haka. Suka zaɓi su faɗi da tutarsu a hannu. Bayan haka suka yi ta gaya wa jama'a cewa banki ne ya kayar da su, ba majalisa ba. Masu hamayya da su kuma suka ce wanda ya yi kururuwar gobara a kasuwa kada ya yi ƙarar masu gudu. Kowane gefe yana da tasa gaskiya. Amma mai gonar da za a yi gwanjonta a wannan shekara bai sami kome daga tutar ba.

BAYAN SHEKARA BAKWAI

A zaɓen 1930 Ma'aikata suka ƙara zafafa harshe, jama'a suka tsorata, kujerunsu suka sauka zuwa 47. Wannan ya zama musu darasi na biyu. Ga shi kuma karayar ciniki ta duniya ta iso Norwe, rashin aiki ya yi tsanani. Gwamnatocin marasa rinjaye suka yi ta bin juna: ta Manoma daga 1931 zuwa 1933, wadda ministan sojanta wani hafsa ne mai suna Vidkun Quisling, sa'an nan Mowinckel ya sake komowa. A zaɓen 1933 Ma'aikata suka ajiye maganar juyin mulki, suka fito da shiri na sama wa kowa aiki, birni da ƙauye. Suka sami kujeru 69.

Har yanzu saura 7. Amma wannan karon jagoransu Nygaardsvold ne, wanda ya ga abin da ya faru a 1928 da idonsa. Ya san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ya dubi Jam'iyyar Manoma mai kujeru 23, ya ga bashin da ke cin leburan birni shi ke cin mai gona. A Maris 1935 suka yi yarjejeniya: a ƙara kuɗin da za a kashe wajen sama wa mutane aiki da tallafa wa noma, a kuma sa wani ƙaramin haraji kan saye da sayarwa don a sami abin biya. Manoma ba su shiga gwamnati ba, alkawarin ƙuri'a kaɗai suka yi kan kasafin kuɗi. Mowinckel ya faɗi, ran 20 ga Maris 1935 Nygaardsvold ya zama Firayim Minista.

Ita ma gwamnatin jam'iyya guda ce marar rinjaye. Uku daga mutanen kwana 18 suna ciki: Nygaardsvold kansa, da Monsen wanda ya koma ma'aikatar soja, da Madsen wanda ya riƙe ciniki. Harkokin waje aka ba wani malamin tarihi kuma, Halvdan Koht, gama Edvard Bull ya rasu tun 1932. Shari'a aka ba wani lauya, Trygve Lie, wanda a 1946 ya zama Babban Sakatare na farko na Majalisar Ɗinkin Duniya. Gwamnatin nan, da taimakon ƙuri'un waɗansu jam'iyyu, ta kafa fanshon tsofaffi a 1936, da asusun taimakon marasa aiki a 1938. Abin da kakkausan jawabi bai samo ba, zama a teburi ɗaya da maƙwabci ya samo. Sai dai tarihi ya riƙe mata laifi guda babba, ita da majalisar zamaninta: ba su shirya tsaron ƙasa yadda ya kamata ba, har hadari ya haɗo.

RANAR SAKAYYA

Ran 9 ga Afrilu 1940 Jamus ta auka wa Norwe. Sarki da ministoci da majalisa suka fice daga Oslo suka yi arewa. Kashegari jakadan Jamus ya iske Sarki a Elverum, ya ce ya sallami gwamnatinsa ya naɗa Quisling, wanda ya riga ya shelanta kansa shugaba ta rediyo. Sarki ya komo wurin ministocinsa a ƙauyen Nybergsund ya gaya musu cewa shawara tasu ce, amma shi ba zai iya naɗa mutumin da jama'a da majalisa ba su amince da shi ba, in kuwa sun ga dole a bi Jamus, to, shi sai ya sauka daga gado. Ministoci suka tsaya tare da shi baki ɗaya. Ku lura, ƙa'idar da ta sa ya kira Ma'aikata a 1928 ita ce ta sa ya ƙi Quisling a 1940, watau mulki na wanda jama'a suka ba ne. Ku lura kuma, mutanen da suka kewaye shi a ran nan 'yan jam'iyyar da a da ba ta son sarauta ne. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Aka shigo da mutanen waɗansu jam'iyyu cikin gwamnati saboda yaƙi. Ran 7 ga Yuni 1940 Sarki da ministoci suka bar Tromsø cikin jirgin yaƙin Ingila, suka ci gaba da riƙon al'amuran ƙasarsu daga Landan. Ran 7 ga Yuni 1945, shekara 5 cif, Sarki ya sauka a Oslo. A ƙarshen watan Nygaardsvold ya ajiye aiki, bayan shekara 10 a kai. A zaɓen wannan shekara Ma'aikata suka sami 76 ɗin nan da suka daɗe suna nema.

Tun daga nan Norwe ta sha ganin gwamnatocin jam'iyya guda marasa rinjaye. Kåre Willoch na 'Yan Dama ya riƙe irinta daga 1981 zuwa 1983. Gro Harlem Brundtland, mace ta farko da ta zama Firayim Minista a ƙasar, sau uku tana kafa irinta, a ta 1986 kuwa 8 daga cikin mutum 18 na gwamnatin mata ne. A farkon 2025 ma Jonas Gahr Støre ya ci gaba da mulki da 'yan Jam'iyyar Ma'aikata kaɗai bayan abokan haɗin gwiwarsa sun fice. Ba wanda ya ɗauki abin a bakin tashin hankali, gama kowa ya san yadda a ke yi: a kawo kasafi, a zauna da maƙwabta, a rage nan a ƙara can, har lissafi ya cika.

Ku da ke makaranta yau, wata rana waɗansunku za su zauna a majalisa ko a kwamiti, ko da na ƙungiyar gari ne, su tarar ra'ayinsu bai da rinjaye. A ran nan ku tuna da mutum biyun nan. Wanda ya ke da gaskiya amma ba shi da yawa, ko dai ya faɗi dukkan abin da ke ransa ya tashi, ko kuwa ya nemi abin da ya gama shi da maƙwabcinsa ya fara da shi. Hornsrud ya yi na farko, ya nuna wa ƙasarsa cewa manomi da maƙeri suna iya zama ministocin Sarki sama ba ta faɗo ba. Nygaardsvold ya yi na biyu, tsofaffi suka sami fansho. Shi dattijo Hornsrud, bayan faɗuwarsa, ya koma majalisa ya zama mataimakin shugabanta, ya ga yaƙi ya zo ya wuce, ya ga jam'iyyarsa ta yi mulki shekara da shekaru. Ya rasu a Disamba 1960 yana da shekara 101.